Tozo da Ɓargo, Rabon Mai Jego

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma. Maigidana ya riga ni tafiya, ya bar ni a kan tabarmar takaba. Ni ke magana, 'yata malamar makaranta ke rubutawa, don ban taɓa riƙe alƙalami ba. Na ce mata in kuka ya zo mini ta dakata, kada ta rubuta kukan. Ga shi tun ba mu je ko'ina ba ta ajiye biro tana jira na.

Ranar da aka kai shi, mahautan Mubi ba su shimfiɗa teburi ba. Daga maƙabarta suka zo suka cika ƙofar gida, manyan mutane masu kaurin hannu, kowa ya sunkuyar da kai. Fulanin da yake sayen shanu a hannunsu suka zo tun daga Belel. Wani tsoho a cikinsu ya tsaya a zaure, ya kasa haɗa Hausar ta'aziyya, sai ya yi ta da Fulatanci yana share ido da bakin rawani. Na ji abin da ya ce duk da ban ji ba.

Amma mata suka fi yawa. Wasu da hijabi, wasu da ɗankwalin zumuntar coci, wasu ban ma san fuskarsu ba. Kusan kowace ta zo da wani a bayanta. Wata ta turo wani dogon saurayi gabana, ta ce, "Durƙusa ka gaida Inna. Inna, kin ga wannan ƙaton? Romon Baba ne." Wata ta nuna mini 'yarta mai goyo, ta ce, "Da na haife ta Baba ya kawo, da ta haihu Baba ya kawo." Maƙwabciyata, mutuniyar Michika, wadda katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare, ita ma ta zo. Ta zauna kusa da ni ta riƙe mini ƙafa. Da mutane suka ragu sai ta ce a hankali, da irin Hausarta, "Maman yara, yanzu wane ne zai kawo wa mata ƙashi?"

Wannan tambayar ce ta hana ni sakat har na sa a ɗauko takarda.

Ga abin da suke nufi, saboda jikokin da za su karanta wata rana. Maigidana mahauci ne, ɗan mahauci. Mahaifinsa ya biyo shanu daga ƙasar Katsina ya zauna a nan. Duk matar da ta haihu a unguwarmu, Musulma ko Kirista, matar mai kuɗi ko matar mai turin kura, kafin suna sai ya kai mata ƙafar saniya da aka fasa ƙashin ɓargo ya fito, da yankan tozo mai kyau. Ba ya aike. Da kansa yake naɗewa a takardar siminti, ya saƙala a hammata, ya bi ta gidan bayan la'asar, ya yi sallama ya miƙa wa tsohuwar gida, ya ce, "A dafa wa mai jego, kada a kwashe man." Bai taɓa tsayawa a yi masa godiya ba. In aka ce ya shigo ya ga jariri, sai ya ce, "Ina warin mahauta, kada in tsorata baƙo."

A kaina abin ya fara. Da na haifi ɗan fari na rame ƙwarai, ruwan nono ya yi ƙaranci, yaro yana ta tsala kuka. Lokacin maigida bai da teburin kansa, fiɗa yake yi wa wasu. Surukata, Allah ya ji ƙanta, ta tsare shi a tsakar gida ta ce, "Kai ɗan mahauta ne ko ɗan masaƙa? Matarka na bushewa kana kawo mata tsoka kamar igiya! Fitila na ci babu mai?" Washegari ya shigo da ƙafa da tozo. Ta dafa da kanunfari da masoro da citta, ta tsaya a kaina na shanye. Ban ce romon kaɗai ya tashe ni ba, Allah ne mai tayarwa. Amma na tashi, yaro ya ƙoshi ya yi barci. Tun daga nan ya ɗora wa kansa. Da na tambaye shi ko alwashi ya yi, sai ya ce, "Innar yara, kukan nan da na ji a ɗakinki, ba na son in ji shi ta katangar kowa."

Mutum ne da ya san kitse kamar yadda manomi ya san ƙasa. In ya dawo daga tike, kasuwar shanu ke nan, yakan ba ni labarin saniya tun kafin a yanka ta. Yakan ce wadda ta yi kiwon ɗanyar ciyawa a bakin mayo, wato rafi, kitsenta rawaya ne, wadda aka ɗaure aka yi ta ba dusa nata fari ne fat. Yakan ce Allah bai zuba kitse a jiki haka kawai ba. Na ƙoda mai tauri ne, matashi aka yi mata don kada ta bugu. Na ƙarƙashin fata bargo ne saboda sanyi. Tozo kuwa rumbu ne, da damina saniya ta tara, da rani ta ci. In ya ga tozo ya kwanta gefe guda, sai ya ce wa Bafulatanin, "Wannan ta cinye rumbunta, me ka kawo mini?"

A gida ni ke narka ragowar kitse in yi kakide. Shi ya koya mini: wuta kaɗan kaɗan, kada a yi gaggawa, a bari duk ruwan da ke ciki ya tsere, sai ya daina ƙara a tukunya. A tace, a zuba a gwangwani mai murfi, a ajiye inda rana ba ta gani. In aka bar shi a buɗe, ko ɗigon ruwa ya shiga, wari zai canza, ya riƙa kartar maƙogwaro. Yana da wata magana da yara suka haddace: "Mai ba ya son ruwa, ba ya son rana, ba ya son surutu." Na ce ina mai ya san surutu? Ya ce, "Buɗe baki ne surutu. Rufe gwangwanin."

Wanda bai yi kyau ba kuma ba ma zubarwa. Ina dafa shi da ruwan toka ya zama sabulu. Wannan abu ya daɗe yana ɗaure masa kai. Yakan ce, "Ki duba ikon Allah. Maiƙo ya ɓata riga, maiƙo ya wanke riga." Sai da 'yar nan mai rubutu ta dawo daga karatu ta warware masa. Ina tuna ranar, muna zaune a gindin darbejiya. Ta ce, "Baba, mai in ka raba shi har ido ya daina gani, kamar 'yan igiyoyi ne dogaye, kuma duk suna gudun ruwa, shi ya sa yake tasowa saman miya. In aka dafa shi da toka, kowace igiya sai ta sami kai mai son ruwa. Wutsiya ta kama maiƙo, kai ya kama ruwa, su tafi tare."

Ya ce, "Dillali ke nan. Hannu ɗaya a wurin mai saye, hannu ɗaya a wurin mai sayarwa."

Ta yi dariya ta ce haka ne. Sai ya gyara zama, ya ce to ta gaya masa me ya sa kitsen rago ke daskarewa a saman baki tun ba ka haɗiye ba, man gyada kuwa yana nan ruwa a kwalba. Ta ce igiyoyin kitsen rago miƙaƙƙu ne, suna jeruwa su matse kamar itacen da aka ɗaure. Na man gyada a tanƙware suke, ba sa jeruwa.

"To, na gane," in ji shi. "Kitsen rago masallata ne, sun daidaita sahu. Man gyada 'yan kasuwar Laraba ne."

Ta ƙara masa da cewa jikin mutum duk 'yan ƙananan ɗakuna ne, kowane ɗaki bangonsa na mai ne, kuma ƙwaƙwalwa kanta mai ya yi yawa a cikinta. Wannan kam ya ji daɗinsa. Da safe ya kai labarin mahauta. Daga ranar duk wanda ya yi masa wauta sai ya ce, "Ku ƙyale shi, kansa ba mai."

Shekarar gudu, da 'yan bindiga suka shigo gari ya watse, muka bi duwatsu muka nufi bakin iyaka da ƙafa, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Wani rediyo, wata akwatin zannuwa. Maigidana gwangwanin kakide ya rungumo, da ƙullin garin dawa. Maƙwabciyata tana tare da mu, ta dube shi ta ce, "Baba, mutane yana gudu da rai, kai kana gudu da miya?" Ya ƙara rungume gwangwaninsa. Da tafiya ta yi tafiya, abinci ya ƙare a hannun mutane, sai ya zama in an dama ɗan kunu tsararo, yakan bi yara da masu goyo ya ɗiga wa kowa ɗan cokali. Kunun da ba ya kai ka ko'ina sai ya riƙe ka har yamma. Shi kuwa bai taɓa sa wa nasa ba. Mutum ne mai teɓa a lokacin, yaran unguwa har ganga suke yi da cikinsa. In na ce ya sha, sai ya buga cikin ya ce, "Ni da tozona na taho." Kafin mu dawo gida wandonsa sai da igiya. Ina kallonsa yana narkewa kamar man shanu a rana, yana goye da jikar wasu, yana ba mutane dariya.

Dakata, 'yar nan. Bari in sha ruwa.

Kada a ce ban faɗi faɗanmu ba, don mun yi. Bayan mun dawo, jiki ya murmure, teɓa ta dawo har ta fi da. Sai jiri ya fara ɗibarsa a bakin teburi. Aka kai shi asibiti, likita ta ce jininsa ya hau, kuma kitse ya yi yawa a cikin jinin, yana liƙewa a hanyoyinsa. Ta hana shi kakide, ta hana shi tozo da ɓargo, ta ce ɗan man gyada kaɗan, da kifi, da ganye. Ni aka ba wa amanar tukunya. Sai na riƙa dafa miyarsa da wuri in bar ta ta huce, man ya taso ya daskare a sama, in sa ludayi in kwashe tas, sannan in ɗumama.

Ranar farko ya buɗe kwano, ya leƙa, ya rufe.

"Wa ya yi wa miyar nan aski?"

Na ce, "Likita."

"Likita ce ta aure ni?"

Na ce, "Da ita ta aure ka da tuni ta gudu."

Ya tashi ya bar tuwon. Kwanaki yana shiga yana fita, gaisuwa kawai, shi da ba ya iya shiru ko a masallaci sai an harare shi. Ni ma na ƙi sakkowa. Na gwammace ya yi fushi yana raye. Ran nan sai ga shi ya shigo yana waige-waige, hannu a cikin babbar riga. Ya zaro ƙullin leda ya ajiye a gabana. Kifi ne. Mahauci ɗan mahauci ya je ya sayi kifi! Ya ce, "Ki dafa, kuma in kika gaya wa mutum na sake ki." Ashe an riga an gan shi. Har ya bar duniya abokansa Sarkin Ruwa suke kiransa.

Daga baya da kansa ya ce mini, "Likitar nan ba ta yi ƙarya ba. Na sha feɗe dabbar da kitse ya naɗe wa zuciya. Rumbu alheri ne, amma ba a gina shi a bakin ƙofa." Ya bi dokar, yana mita yana bi, Allah kuma ya ƙara mana shekaru masu daɗi. Abin da bai bari ba shi ne rabon masu jego. Hannun da aka hana kai ɓargo baki, shi ke naɗe shi ya kai gidan wasu. Na taɓa ce masa, "Kai an hana ka, kana kai wa mutane?" Ya ce, "Ni tarawa nake, ita zubarwa take. Mai shayarwa mutum biyu take ci wa." 'Yar nan ma ta ce nono kansa da mai a ciki, da shi jariri ke gina kai, kuma akwai abubuwan amfani a ganye da jiki ba ya iya ɗauka sai da ɗan maiƙo.

To, ya tafi. Sana'a ta koma hannun ɗan farinmu, wanda kukansa ya jawo duk wannan. Yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma shagonsa daban da teburin ubansa. Yana da firiza da sikeli, masu sayensa ma'aikata ne da malaman jami'a, masu cewa a gyare musu kitse tas. Kuma uban bai taɓa zaunar da shi ya ce ga abin da nake yi ba, don bai ɗauke shi abin faɗa ba.

Ni kuma ga inda na maƙale. Ɗan fari ne. Mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta duban idonsa ta ce yi kaza. Tun yana ƙarami in zan aike shi sai in ce wa iska, "Da wani zai ɗebo ruwa." Yanzu ga shi da furfura a gemu, har yau haka muke. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, ni in dubi bango in amsa.

Kafin a yi sadakar arba'in, matar ɗan maƙwabciyata ta haihu. Na ji guɗa ta katanga, daga baya na ji kukan jariri, irin siririn kukan nan da na sani. Ina takaba, ba ni fita kasuwa. Na ce a raina, in wannan haihuwa ta wuce ba a kai komai ba, shi ke nan, an binne maigidana sau biyu.

Da ya zo gaisuwar safe, na dubi kazar da ke tsakar gida na ce, "An haihu a maƙwabta. Da mai gidan nan na nan, da yamma ta yi an ji sallamarsa a can." Ya ce, "Allah ya ji ƙan Baba," ya tashi. Ban san ko ya ɗauka ba.

Ashe ya ɗauka. Washegari da hantsi sai ga maƙwabciyata ta shigo da farar leda a hannu, ta zauna ta buɗe a gabana. Tsokar cinya ce ja wur, an gyare ta tsaf, ko ɗigon fari babu.

Ta ce, "Maman yara, ɗanki ya aiko, Allah ya sa albarka. Amma ki gaya mini, wannan na mai jego ne ko na mai hawan jini? Yarinya ya haihu, nono bai zo sosai ba, in dafa mata wannan ya sha me? Baba ya tafi da ƙashin ne?"

Na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ita ma ta kama. Muna cikin haka ashe yana tsaye a bakin zaure, ya zo gaisuwa, ya ji komai. Ya ƙaraso ya durƙusa inda ya saba. Ya ce, "Inna, wanda ya fi kyau a shagon na zaɓa. Na ce kada a ce bayan Baba an rage."

Na buɗe baki zan gaya wa kazar. Sai na ga kaza ba za ta iya ɗaukar wannan ba. Sunansa dai ban kira ba, wannan sai a lahira. Amma na juyo na dube shi, ido cikin ido, na ce, "Kai. Matso nan ka zauna."

Ya ɗago a firgice kamar an kira shi daga sama. Ya matso ya zauna a bakin tabarmata. Kusa haka, sai na ga goshin ubansa ne sak. Na ba shi labarin kukansa, da faɗan kakarsa, da fitilar da ba ta ci babu mai. Na ce, "Ƙafa za ka kai, a fasa ƙashin. Da tozo. Kuma ba a aike."

Ya share fuska da hula. Ya ce, "Inna, ina gatarin Baba?"

Na nuna masa bayan ƙofa.

Bayan la'asar na ji sallama ta katanga. Murya ba ta uban ba ce, ta fi ta sanyi, amma na ji ya ce, "A dafa wa mai jego, kada a kwashe man." Ban gaya masa wannan ba. Ashe tun yana yaro ya sha ji.

Maƙwabciyata ta ce ita ba ta iya haɗa kayan yajin yadda nake yi ba, ta miƙo mini ƙullin ta saman katanga, a takardar siminti. Na hura wuta na ɗora. Da ya nuna na buɗe tukunya, mai ya taso ya rufe saman romon, rawaya, yana ƙyalli. Hannuna da kansa ya kai ga ludayi zai kwashe, yadda ya saba shekara da shekaru. Sai na tuna wanda nake kwashe wa ba ya nan. Na ajiye ludayin, na juye romon duka a kwano, na miƙa ta katanga.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka ba teɓa ba tozo, abin da ya tara ya rarraba a gidajen mutane. Ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, ka ciyar da shi abin da babu likitan da zai hana. Ka raya jaririn maƙwabta. Ni kuma in lokacina ya yi, ka sada ni da shi, ko da yana fushin miya.

Rufe biron, 'yar nan. Ki saurara. Kukan ya yi shiru.